Kullen Korona A Bauci: Ciwon Da Ya Ɓuya A Bayan Akushi

Ran 24 ga watan Maris 2020 aka ba da sanarwa cewa Gwamnan Jihar Bauci, Sanata Bala Abdulƙadir Mohammed, ya kamu da cutar korona. Shi ne mutum na farko da aka tabbatar yana ɗauke da cutar a jihar, ƙasa da wata guda bayan an gano ta a Legas ran 27 ga Fabrairu. Allah ya ba shi lafiya a cikin watan Afrilu, amma daga wannan rana zaman birnin Bauci ya sake kama.

An rufe makarantu, an toshe iyakokin jihar. Da fari gwamnati ta ba da umurnin kulle jama'a gaba ɗaya har kwana 14 daga ran 2 ga Afrilu, sa'an nan ta sassauta saboda ganin yawancin mutane sai sun fita suke samun na tuwo. Zuwa ƙarshen watan, da azumi ya kama, aka taƙaita cin kasuwa zuwa kwana uku a mako, aka hana 'yan acaɓa aiki, aka dakatar da taruwa a masallatai da majami'u. Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, waɗanda ba su san shiru ba, suka riƙa yini a rufe. A watan Mayu kuma aka kulle ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki har kwana goma.

A wannan lokaci maganar abinci ce a bakin kowa: ina za a samu, nawa ne mudu, yaushe tallafi zai iso. Gaskiya ne kuwa, yunwa ce babbar damuwar talaka. Amma fa akwai wasu bayin Allah da abinci ya zame wa tashin hankali ta wata fuska dabam. Waɗansu ga akushi a gabansu, hannu ya ƙi zuwa baki. Waɗansu kuwa in sun fara ci ba su iya tsayawa, sai sun wahalar da kansu, su koma suna kuka a ɓoye. Su ne masu ciwon da likitoci ke kira rikicewar cin abinci. Kulle ya tsananta musu ciwon, ya kuma ƙara lulluɓe shi.

Wane Irin Ciwo Ne?

Ciwon nan ba na ciki ba ne, ko da yake a ciki yake bayyana. Tushensa yana cikin tunani, a inda tsoro da damuwa da yadda mutum ke kallon jikinsa suka haɗu. Likitoci sun kasa shi kashi-kashi, amma uku ne suka fi shahara.

Na farko shi ne ƙin cin abinci, wanda ake kira anoreksiya. Mai shi yakan ƙuntata wa kansa ci har ya rame ƙwarai, alhali kuwa yana ganin bai rame ba, ko kuma yana jin tsoron abin da zai faru in ya ci. Wani likitan Ingila, Richard Morton, ya bayyana alamunsa tun cikin 1689, sa'an nan Sir William Gull ya raɗa masa suna a 1873. Na biyu shi ne bulimiya, watau a ci abinci mai yawa a zama ɗaya ba tare da ikon tsayawa ba, daga baya a nemi fitar da shi ta hanyar amai ko maganin wankin ciki ko tsawaita zama da yunwa. Likita Gerald Russell na Landan ne ya fayyace shi a 1979. Na uku shi ne ci ba linzami, wanda ba a bin sa da amai, sai dai kunya da nadama. Albert Stunkard na Amurka ya yi bayaninsa a 1959, amma sai a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka tabbatar da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Ban da waɗannan akwai kwaɗayin abin da ba abinci ba, kamar ƙasa ko alli ko gawayi, wanda aka sani ga yara da masu juna biyu, wanda kuma sau da yawa yakan tafi tare da ƙarancin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019, watau kafin annoba, mutum miliyan 14 ne ke fama da waɗannan cututtuka a duniya, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. 'Yan mata masu tasowa ne suka fi kamuwa, amma maza ma ba su tsira ba. Kada a ɗauka abin wasa ne: ƙin cin abinci yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Jiki in ya daɗe bai sami abinci ba, zuciya takan rage bugu, jini ya yi ƙasa, al'ada ta ɗauke, gashi ya zube, ƙashi ya yi rauni, mutum ya riƙa jin sanyi ko da a tsakiyar bazara. Yawan amai kuwa yana cinye haƙora, yana kumbura gefen muƙamuƙi, yana kuma zubar da gishirin jiki da zuciya ke dogara da shi, har ta iya tsayawa farat ɗaya.

Ashe Ba Ciwon Turawa Kaɗai Ba Ne

An daɗe ana cewa wannan ciwo na 'ya'yan masu kuɗi ne a ƙasashen Turai, waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa. A ƙasar Hausa ma, inda ake yaba wa amarya in ta yi ɓulɓul, ake kuma ɗaukar ƙiba alamar kwanciyar hankali, wa zai yarda akwai mai gudun abinci da gangan?

To, amma likitocin Nijeriya sun daɗe da ganin sa. A 1981 likita Nwaefuna ya buga bayanin wata 'yar Nijeriya mai wannan ciwo a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila. A 1988 Famuyiwa ya ba da bayanin wasu mutum biyu. A 1992 Oyewumi da Kazarian suka binciki ɗaliban Nijeriya, suka tarar akwai masu halayen cin abinci irin na masu ciwon a cikinsu.

Wani bincike da aka buga a 2004 ya fi kusa da zamanmu. An auna 'yan mata 668 na makarantun sakandare a arewa maso gabashin Gana, aka sami goma da suka rame matuƙa saboda hana kansu abinci. Abin lura shi ne, ba tsoron ƙiba ne ya sa su ba. Sun ɗauki ƙin cin a matsayin kamun kai da ibada. A Hong Kong ma likita Sing Lee ya nuna cewa da yawa daga masu ciwon ba su ambatar ƙiba sam, sai dai su ce ciki ya kumbura ko abinci ba ya shiga. Watau ciwon yakan sa rigar garin da ya sauka. A Bauci ba lalle ne yarinya ta ce tana son ta rame ba. Cewa za ta yi gyambon ciki ne, ko kuwa azumin nafila take yi.

Darasin tsibirin Fiji ma abin dubawa ne. Mutanen can, kamar Hausawa, suna son jiki mai kauri. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu. Da likita Anne Becker ta jami'ar Harvard ta koma a 1998, sai ta tarar kimanin kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan da ta tambaya suna tilasta wa kansu amai don rage jiki, alhali shekara uku kafin nan ba a sami ko ɗaya ba. Abin da akwatin talabijin ya yi a Fiji, wayar hannu tana iya yin fiye da shi a Gwallameji ko Yelwa.

Abin Da Aka Gani A Ƙasashen Waje

Da annoba ta kulle duniya, asibitoci a ƙasashe da yawa sun ga abin da bai taɓa faruwa ba. A asibitin yara na jami'ar Michigan a Amurka, matasa 125 aka kwantar saboda wannan ciwo a watanni 12 na farkon annoba, alhali a shekarun baya matsakaicin adadin 56 ne. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2022 cewa yawan 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17 da ake kaiwa sashen gaggawa saboda ciwon ya ninka biyu. Wani bincike da aka yi a Amurka da Holan a 2020, wanda ya ƙunshi mutum fiye da dubu masu ciwon, ya nuna masu ƙin ci sun ƙara ƙuntata wa kansu, masu ci ba linzami kuma abin ya ƙara yawaita gare su.

Masana sun taƙaita dalilan a kan abu uku da kulle ya ƙwace: tsarin lokaci, da cuɗanya da mutane, da hanyar zuwa wurin likita. A kan waɗannan ga fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da ƙuncin zuciya sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annoba. Duk waɗannan abubuwa sun sauka a Bauci kamar yadda suka sauka a ko'ina, har ma da ƙarin wasu biyu da Turawa ba su sha irinsu ba.

Ranar Da Ba Ta Da Kai Ba Ta Da Gindi

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara goma sha shida a wata makarantar kwana, wadda ciwon ya fara kama ta ba wanda ya sani. A makaranta ƙararrawa ce ke kiran ta cin abinci sau uku a yini. Tana zaune cikin ƙawaye, ko ba ta so sai ta taɓa. Akwai aji, akwai wasa, akwai abin da zai ɗauke mata hankali daga tunanin da ke cin ta. Rana ɗaya aka ce kowa ya tafi gida, ba a faɗi ranar dawowa ba.

Makarantun firamare da na sakandare sun kasance a rufe wajen wata shida, in ban da 'yan ajin ƙarshe da aka bari suka koma rubuta jarrabawa. Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa nasu ya fi tsawo, don kulle ya haɗu da yajin aikin malaman jami'o'i wanda ya kai wata tara, daga Maris zuwa Disamba 2020. Ba Islamiyya, ba biki, ba suna, ba ziyarar dangi. Aka koma kwana a farke, yini a barci. Ga mai irin wannan ciwo, rana marar tsari babban haɗari ce, gama in duk abin da ke kewaye da mutum ya kuɓuce masa, sai ya riƙe abu ɗaya da yake ganin yana da iko a kai, watau abin da ke shiga bakinsa.

Wayar hannu ta cike gurbin ƙawaye. A Instagram da Facebook da WhatsApp tallar shayin rage tumbi tana kafaɗa da kafaɗa da tallar maganin ƙiba da na gyaran jiki. Wannan ta ce ki rage, waccan ta ce ki ƙara, duka biyun kuwa saƙonsu ɗaya: jikinki bai yi ba.

Nan ne ya kamata a ambaci ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da yawa ke sha don su yi ƙiba, musamman in aure ya matso. Shan su ba shi ne ciwon da ake magana a kai ba, amma uwarsu ɗaya, watau rashin gamsuwa da halittar jiki. Ɗaya daga cikin magungunan da ake amfani da su haka shi ne deksametason. A watan Yuni 2020 masana a jami'ar Oxford suka gano yana rage mutuwa ga masu korona da ciwo ya tsananta gare su, sai sunansa ya cika duniya. Magani ne mai amfani a hannun likita. Amma wanda ya daɗe yana shan sa ba bisa ƙa'ida ba, abin da yake gani kamar ƙiba kumburi ne da kitse a fuska da ciki, bayansa kuma ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga raunin ƙashi da na garkuwar jiki. Dainawa farat ɗaya ma haɗari ne, sai likita ya rage shi sannu a hankali.

Yau Akwai, Gobe Babu

Abu na farko da ya bambanta Bauci da biranen Turai shi ne rashi. Ɗan acaɓa da aka hana aiki, da mai tuya masa a bakin titi da ciniki ya tsaya mata, da ɗan dako a Muda Lawal, duk abincin gidansu ya koma na sa'a. Ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ke yi ya tsaya da rufe makarantu. Almajirai aka riƙa kwasar su ana mai da su jihohinsu. Tsadar abinci ta yi ta hawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 20 cikin ɗari a Disamba 2020, ta kuma kusa 23 a Maris 2021.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan yunwar talauci da ciwon cin abinci? Akwai dangantaka kuwa mai ƙarfi. A 1944 da 1945 masani Ancel Keys na jami'ar Minnesota ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci wajen rabi har mako 24. Ba su daɗe ba tunaninsu duka ya koma kan abinci, suka zama masu saurin fushi da son kaɗaici. Da aka sake musu mara kuwa, waɗansu suka riƙa ci har su rasa inda za su sa kansu, abin ya bi su watanni. Gwajin ya nuna cewa yunwa ita kanta tana juya tunani. A 2017 kuma wani bincike da aka yi a San Antonio ta Amurka, a tsakanin matalauta masu karɓar taimakon abinci, ya nuna cewa waɗanda suka fi shan rashi su ne suka fi fama da ci ba linzami, tare da kunya da damuwar da ke bin sa.

Kasuwa ta kwana uku a mako ta haifar da irin wannan zama na yau akwai gobe babu. Ran kasuwa a sayo abin da ya sawwaƙa, a ci a ƙoshi, kashegari a ɗaure ciki. A gidan masu hali kuwa an tara buhuna da katan-katan saboda tsoron gobe, mai ci ba linzami ya wayi gari a kulle tare da abin da yake gudu. Haka kuma rashi ya zama mafaka ga mai ƙin ci. Yarinyar da ta tura wa ƙannenta rabonta ta ce, "Inna, ba su, ni na ƙoshi," sai a sa mata albarka, a ce ta san halin da gida ke ciki. Sau da yawa tausayi ne tsantsa. Amma wani lokaci ciwo ne ya sami rigar sakawa.

Azumi A Cikin Kulle

Abu na biyu shi ne azumi. Watan Ramalan na shekarar ya kama ran 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Salla ran 24 ga Mayu, watau ya faɗo daidai lokacin da takunkumi ya fi tsanani a jihar. Azumi ibada ne, lafiyayye kuma yana samun alheri a cikinsa. Amma likitocin da ke kula da Musulmi masu wannan ciwo sun daɗe suna gargaɗi cewa watan yana da wuya gare su. Mai ƙin ci yana samun hujjar yini bai ci ba, in an sha ruwa ya kurɓi kunun tsamiya ya taɓa dabino ya tashi, sahur kuma ya ce barci ya ɗauke shi. Mai bulimiya kuwa, doguwar yunwa da tarin ƙosai da soye-soye a lokaci ɗaya su ne ainihin abin da ke tayar masa da ciwo.

A shekarun da ba kulle, akwai tafsiri da tarawihi da kai abincin buɗa-baki gidajen dangi, akwai gwaggo ko maƙwabciya da za ta dubi yarinya ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kike wannan rama?" A 2020 wannan ido ya ragu. Mutanen gida kuwa, da yake kullum suna tare da ita, ba su cika lura da ramar da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba, balle a ƙarƙashin hijabi da zane. In an gama azumi ta ɗora da Sitta Shawwal, ta bi da Litinin da Alhamis, wa zai ce mata don me?

Sanannen abu ne cewa shari'a ta sauƙaƙa wa marar lafiya, ta ba shi damar ajiye azumi ya rama in ya warke. Abin da ya rage shi ne iyaye da malamai su gane cewa wannan ma rashin lafiya ne, kamar ciwon sukari ko na ƙoda, likita ne kuma zai faɗi ko mai shi zai iya azumi ko ba zai iya ba.

Hanyar Asibiti Ta Yi Nisa

Ko babu annoba, mai wannan ciwo yakan yi dogon zagaye kafin ya isa inda ya dace. A fara da kemis a karɓo maganin gyambon ciki. A yi gwajin taifot da zazzaɓin cizon sauro. In rama ta ci gaba a fara raɗe-raɗin tarin fuka ko ciwon sanyin ƙashi ko abin da ya fi su muni. Daga nan a ce iska ce ko sammu, a nemi masu ruƙiyya. Neman addu'a ba laifi ba ne, amma ba ya hana a je asibiti, jikin da ya ƙare kuwa ba ya jira. Abin da ke sa a yi ta kewaye-kewaye shi ne tsoron kalmar taɓin hankali, musamman ga budurwar da ake fatan ta yi aure.

Kulle ya ƙara wa hanyar tsawo. Mutane sun ji tsoron asibiti kada a ce suna da korona a killace su. Hankalin ma'aikatan lafiya ya koma kan annoba. An hana acaɓa a cikin gari, an hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli, saboda haka zuwa manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna ko Maiduguri ya zama da wuya. Ba Nijeriya kaɗai ba ce: binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 130 a 2020 ya nuna kashi 93 cikin ɗari sun sami cikas a ayyukan lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai dai namu ya tarar da rauni tun asali, gama a shekarun nan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200.

Abin Da Iyaye Za Su Lura Da Shi

Labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai alamun da uwa ko yaya ko malamar makaranta za ta iya gani tun abin bai yi nisa ba. Yaro ko yarinya ta daina sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwa, kullum ta ce ta riga ta ci ko za ta ci a ɗaki. Tana son yi wa mutane girki amma ba ta ɗanɗanawa. Tana shiga bayan gida da zarar an gama ci. Abinci yana ɓacewa da dare, ana tsintar ledoji a ƙarƙashin katifa. Tufafi sun yi mata yawa, al'ada ta ɗauke, jiri yana ɗibar ta, fara'a ta tafi. A tuna kuma mai bulimiya ko ci ba linzami sau da yawa jikinsa ba ya nuna komi.

In an ga haka, faɗa da duka da gori ba su magani, ƙara ɓoyewa suke sawa. Kada a ce mata mayya ko mai zari, kada kuma a ce iyayi ne. A zauna da ita a keɓe, a yi magana a kan lafiyarta da damuwarta, ba a kan siffar jikinta ba. Sa'an nan a kai ta asibiti, a gaya wa likita duk abin da aka gani ba ɓoye-ɓoye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauci yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In akwai suma, ko bugun zuciya ya rikice, ko amai da jini, ko maganar gajiya da rayuwa, to ba a kwana, gaggawa ce.

Wani gargaɗi mai muhimmanci: wanda ya daɗe ba ya ci har ya rame ƙwarai, kada a cika shi da abinci rana ɗaya don ɗoki. Jikin da ya saba da yunwa in an ɗura masa abinci da yawa farat ɗaya, gishirin jini yakan rikice har zuciya ta kasa. A hannun likita ake mai da irin wannan jiki, mataki-mataki.

Abin farin ciki shi ne ana warkewa, musamman in an tari ciwon da wuri. Hanyar da ta fi amfani ga matasa, wadda aka fara a asibitin Maudsley na Landan tun wajen ƙarshen shekarun 1970, ba ta raba yaro da gidansu. Iyaye ake koya wa su zauna da shi a kowane cin abinci, cikin haƙuri da tsayawa a kan magana ɗaya, har jiki ya dawo, tunani ya biyo baya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya, lokaci sananne, babba yana kallon kowa: abin da kakanni suka gada ke nan, shi ne kuma abin da wayar hannu da cin abinci a ɗaki ke neman rushewa.

Kafin Wata Ta Zo

Gwamnatin Bauci ta sassauta takunkumi dab da Ƙaramar Sallar 2020, makarantu suka koma a hankali, ran 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Kasuwar Wunti ta cika, masu masa sun koma bakin tanda. Amma ciwon cin abinci ba ya bin sanarwar gwamnati. Yakan ɗauki shekaru, wanda ya fara a ɗakin kulle yana ɗan shekara goma sha biyar mai yiwuwa yana ɗauke da shi har yau, a jami'a ko a ɗakin aure.

A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marasa lafiya da kai kulawa kusa da jama'a. Doka a takarda mataki ne, amma aiki yana ga ma'aikata. Ya kamata a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa yi wa matashin da ya zo da rama ko ciwon cikin da ba ya jin magani tambaya ɗaya mai sauƙi: yaya kake da abinci? Ya kamata malaman makarantun kwana su san alamun, gidajen rediyo su yi bayani da Hausa, malaman addini su faɗa a kan mumbari cewa ciwon tunani ciwo ne ba abin kunya ba. Ya kamata a sa ido a kan masu sayar da sha-ka-fashe da shayin rage jiki ba takardar likita. In kuma wata annoba ta sake tilasta rufe gari, Allah ya kiyaye, to a bar ƙofar sashen ƙwaƙwalwa a buɗe, a ba da lambar waya da za a kira, a raba tallafin abinci a kai a kai, ba sau ɗaya a yi shiru ba.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. A lokacin kulle kowa ya tambayi maƙwabcinsa ko akwai abinci a gida, tambaya ce kuwa mai kyau. Saura ta biyu, wadda uwa ce kaɗai ko uba zai iya yi, da idonsa a kan akushi: wa ya ci, wa bai ci ba, kuma don me? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare sauran jama'a, amin.